Saƙon Surukina Zuwa Indiya

Tun da na dawo na koma bakin fawata a kasuwar Batsari, ban yanka tsoka ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Mai sayen hanta sai ya tambaye ni Indiya, wanda bai zo sayen komai ba shi ma sai ya jingina da rumfa ya tambaya. Tambayar da ta fi ci mini rai ita ce ta masu cewa, "Ilu, wai garin ya kai Kano?" Na gaji da amsawa guntu-guntu ina korar ƙuda. Ku zauna in faɗa muku sau ɗaya tun daga farko. Wanda bai gane ba kada ya ga laifina, don ni da na je ɗin ma ban gama ganewa ba.

Ni dai ba harbi na je yi ba. Ana tsakiyar yaƙin Bama, ƙasar da ke maƙwabtaka da Indiya, aka yi shela cewa Turawa na neman mahauta da za su riƙa yanka wa sojojinmu musulmi dabba a can. Lokacin fawa ta yi sanyi, sai na ba da sunana. Ana saura kwana biyu in tashi na tafi Wagini yin sallama da surukina, Baba Barau, uban matata Hajo.

Duk wanda ya san Wagini ya san abin da ya shiga tsakanin Baba Barau da ɗansa na fari, Yaya Sa'idu. Ran wata gayya a gonar tsohon suka yi sa-in-sa a kan inda za a fara huɗa, maganar da ba ta taka kara ta karya ba. Sa'idu ya jefar da garma a gaban ubansa ya juya baya, mutane na kallo. Tsoho ya ɗaga murya ya ce kada ya sake taka ƙofar gidansa, bai yafe masa ba duniya da lahira. Sa'idu bai kwana a garin ba. Bayan damina biyu labari ya zo cewa ya shiga soja, an kwashe su zuwa Indiya.

Na tuɓe takalmi tun daga bakin zaure na durƙusa. Da muka gama gaisawa Baba ya ce, "Ilu, an ce inda yaron nan yake za ka." Ba ya kiran sunansa, ɗan fari ne. "In ka sauka ka nemi masaukinsa. Ka ce masa na yafe. Ka ce ya dawo gida. Ba na so harsashi ya same shi da bakina a kansa."

Na ce, "Baba, ko a sa malam ya rubuta in riƙe?"

Ya ce, "Da baki na faɗa, da baki za a kai masa. Kai suruki ne, in ya ji daga gare ka zai yarda."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Wallahi haka na ɗauka. Na je Gusau, na je Maraɗi, ko'ina abu ɗaya ne: ka sauka ka tambayi zangon Hausawa, ka gai da mai masauki, ka ce kana neman wane ɗan wane mutumin gari kaza, kafin ka shanye furarka an kira maka shi.

Daga Batsari muka taka zuwa Katsina, daga nan mota zuwa Kano, sai jirgin ƙasa. A barikin Zariya aka yi mana ƙwal-kwabo, aka ba mu kaki da wasu takalma masu nauyi da sai ka zauna ka yi ta zare igiya kafin su fita, ga wani dogon ƙyalle da ake naɗe ƙwauri da shi. Aka koya mini fareti, ni da aka ɗauko saboda wuƙa. A nan na haɗu da Saje Tanko, mutumin Safana, wanda ya taɓa ƙetare teku a yaƙin Habasha. Na ba shi labarin saƙona, na ce da mun sauka zan nemi izinin yini ɗaya in kai in huta. Ya dube ni, ya ƙara dubana, ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Sarkin Fawa." Tun daga ranar sunan ya bi ni.

Maganar teku kada ku tambaye ni. Daga Ikko na yi kwana huɗu ina amai, har na roƙi a tsaya in sauka, aka yi ta dariya. Wata ya mutu, wani ya tsaya, muna kan ruwa. Da muka shiga Bahar Maliya sai Saje ya nuna hannun hagu ya ce bayan wancan hazon Makka take. Muka yi cincirindo a gefe guda muna addu'a har wani Bature ya zo yana faɗa. Ba mu ga komai ba sai ruwa. Kwana kaɗan bayan nan limaminmu ya ce mu juya, daga yau inda rana ke faɗuwa za mu fuskanta in za mu yi salla. Shekara talatin ina ba wa faɗuwar rana baya. Na bi liman dai, amma har muka sauka ji nake kamar na ba alƙibla ƙeya.

Garin da muka sauka Bambai ake ce masa. Ni iyakar ƙasa da na sani ita ce ta hanyar Maraɗi, dutse ɗaya da ɗan sandan Faransi yana gyangyaɗi a inuwa. Nan kuwa layi aka jera mu, likita ya buɗe mana baki ya ja fatar ido, kamar yadda nake duba akuya kafin in taya, aka soka mana allura, aka buga hatimi a takarda. Da muka fito titi sai na tsaya cak. Mutane ne, jama'a, mutane. A ƙasa, a kan rufi, a jikin taga, a maƙale bayan mota. Na ce wa Saje mun yi sa'a, mun sauka ran kasuwa.

Ya ce, "Yau ba kasuwa ba ce."

Na ce, "To wa suka bar wa gonakinsu?"

Ya ce in rufe baki in riƙe jakata.

Ban rufe ba. Na hango wani ƙaton mutum da rawani da gemu har ƙirji, na ce lalle wannan babban malami ne, shi zai san baƙin gari. Na fice daga layi na rusuna na ce, "Allah gafarta malam, ina zangon Hausawa?" Mutumin ya dube ni ya karkaɗa kai gefe da gefe, ba i ba, ba a'a ba. Na maimaita da ƙarfi, ya sake karkaɗawa yana murmushi. Saje ya fizgo ni ya ce wannan ba malami ba ne, ba ma musulmi ba ne, Sik ake ce musu, addininsu daban, kuma shi ne direban da zai kwashe mu. Wannan karkaɗa kan kuwa har na bar ƙasar ban san ranar da take nufin to da ranar da take nufin ban sani ba.

Aka kai mu wani sansani a kan tudu, tafiyar yini guda a jirgi. Muka kwana a tanti, mutum takwas-takwas. Abinci shinkafa ce da wani wake da ake dafawa har ya narke, da gurasa marar kauri kamar tafin hannu. Barkono kam suna ci, na yarda da su a nan. Tuwo sai a mafarki. Wanda ke kawo mana awaki wani mahauci ne musulmi mai suna Karimu, ɗan siriri mai jan gemu. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, amma da ya ga yadda na kayar da bunsuru na yi bisimilla na feɗe shi ba tare da na huda fata ba, sai ya kama hannuna ya girgiza. Daga ranar muka zama abokai.

Shi ya fara kai ni kasuwarsu, shi ne kuma ya fid da ni daga cikinta da raina. Shanu ne ke yawo a tsakiyar kasuwa ba makiyayi, suna sa baki a kwandon ganye, mai kaya sai dai ya lallashe su. Na ga wani farin sa mai tozo, irin wanda ko a garken Fulanin Ruma sai an tona. Hannu ya saba. Kafin in yi tunani na dafa tozon, na latsa haƙarƙari, na ɗaga wutsiya ina auna cinya, ga wuƙata a ƙugu kowa na gani. Sai na ji kasuwa ta yi tsit. Wata tsohuwa ta fasa ihu, maza suka fara matsowa. Karimu ya ja ni ta wani lungu muka yi ta gudu har rawaninsa ya warware. Daga baya aka fassara mini cewa yawancin mutanen ƙasar Hindu ne, saniya a wurinsu kamar uwa take, ba a yankawa. Na ce to in ta tsufa fa? Aka ce sai ta mutu don kanta. Na kwana ina juya wannan asara a raina.

Abin da ya ƙara rikita ni, ɓauna suke tatsa. Ɓaunar da in maharbi ya gamu da ita a dajin Rugu sai ya nemi itace ya hau, na ga wata mata tana kora guda shida da ɗan tsumagiya tana zaginsu.

Wata rana bayan mun gama yanka na sa Saje, da yake yana tsintar yarensu kaɗan-kaɗan, ya tambayar mini Karimu inda baƙaƙen sojoji ke sauka a garin nan na Indiya. Karimu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya share wuri da tafin hannu, ya zana wani abu da tsinin wuƙa, kamar zuciyar saniya in an rataye ta tsini ƙasa. Ya ce dama da hagu duk teku ne. Can sama duwatsu ne masu ƙanƙarar da ba ta narkewa, a bayansu sai ƙasar Sin. Ya soka wuƙa a kusurwar sama ya ce nan dogayen musulmi ne masu faɗa, kusa da su masu rawanin nan. Ya soka a gabas ya ce nan ruwa ya fi ƙasa yawa, shinkafa da kifi kawai suka sani. Ya soka a tsinin ƙasa ya ce nan baƙaƙe ne kamar ni, kuma shi kansa in ya je can kurma ne, ba ya jin ko kalma ɗaya.

Na ce, "To Bambai fa, mai mutanen nan duka?"

Ya ɗauki ƙwayar shinkafa ɗaya ya ajiye a gefen zanen.

Na dubi ƙwayar, na dubi zanen. Ranar na fara sanin nauyin abin da Baba Barau ya ɗora mini.

Na tafi wurin akawun sansani, wani ɗan kudancin ƙasarmu mai tabarau. Na ce ina neman Sa'idu ɗan Baba Barau na Wagini, dogo, mai tabo a gira. Ya ce lambarsa fa? Na ce mutum ne, ba buhun gyaɗa ba. Ya ce a soja ba a san uban kowa ba, sunanka da sunan babban garinku ake rubutawa, don haka wanda nake nema Sa'idu Katsina ne. Na ji daɗi na ce to a kira shi. Ya ce a bataliya ɗaya kawai ya san Sa'idu Katsina sun fi yatsun hannu, wasu suna daji, wasu asibiti, wasu an binne su. Ya ce in tafi in kawo lamba.

Bayan wata biyu aka ce mu tashi gabas, kusa da bakin daga. Kwana biyar muka yi a jirgin ƙasa. Ku da kuke cewa Kano zuwa Ikko nisa ne, wannan kwana biyar ba mu ma ratsa ƙasar ta tsawonta ba, ta faɗinta muka bi. Kuma ban ga daji ba irin namu, inda za ka yi tafiyar yini ba ka ga hayaƙi ba. Ƙauye na ƙarewa wani na farawa. Kowace safiya mutanen tasha sun sake: jiya masu wando, yau masu zane, gobe rubutun jikin bango ma ya canza kama. Na daina tambayar wane iri ne waɗannan, don ko an faɗa mini kafin azahar an shiga wasu.

A kowace tasha randa biyu ce, ta musulmi daban, ta Hindu daban, mai ba da ruwan kuma daga sama yake tsiyayo maka a hannu don kada butarsa ta taɓa ka. Shayi a ɗan kaskon ƙasa ake sayarwa. Na shanye na miƙa wa mai shayi kaskonsa da ladabi, ya ja da baya kamar na miƙa masa kunama. Ashe fasawa ake yi. Na ɓoye nawa a jaka, na ce wannan ɓarna ba da ni ba. A wani tarago kuma akwai wasu gajerun sojoji daga duwatsun arewa, Gurka, masu ƙananan idanu da wata lanƙwasasshiyar wuƙa da na yi ta haɗiyar yawu a kanta. Jirgin kuwa ba ya sauri. In ya tsaya a babbar tasha yakan yi rabin yini ana jiran wani ya wuce, har mu yi wanki mu shanya.

Rana ta uku da hantsi muka tsaya a wata mahaɗa inda hanyoyin jirgi suka rabu. Na ɗauki bokiti na sauka neman ruwa. A ɗaya gefen dakalin akwai wani jirgi a tsaye, tagoginsa cike da baƙaƙen fuskoki. Namu ne, waɗanda suka riga mu zuwa, an fito da su daga daji za a kai su hutu. Duk sun rame, idanunsu sun yi ɗorawa saboda ƙwayar zazzaɓi. Ina tafe ina dubawa, ba don ina sa rai ba, sai na ga Yaya Sa'idu a tsaye a ƙofar tarago, da igiya biyu ta kofur a hannun riga, ga tabon a gira. Bokitin ya suɓuce daga hannuna.

Yanzu ku da kuke zaune a nan kowa zai ce da shi ne da ya yi kaza. Ku tsaya ku ji. Wannan yayan matata ne. Tun da na auri Hajo ban taɓa tsayawa a gabansa da takalmi ba, ban taɓa yi masa magana a tsaye ba. Sai na zauna a kan dakali na fara warware ƙyallen ƙwauri, na zare igiyar takalmi, dama da hagu, na ajiye su gefe, na matsa na durƙusa. Indiyawa suka kewaye mu suna kallo.

Na ce, "Yaya, barka da hantsi."

Ya ƙura mini ido, sannan ya ce, "Ilu? Ilu na Hajo? Ikon Allah." Ya sauko matakala ɗaya. "Barka kadai. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Yaya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Yaya aiki? Yaya baƙunta? Yaya aka ji da daji?"

"Da godiya. Yaya ka baro mutanen gida?"

Na ce kowa lafiya. Saƙon yana nan a bakina kamar garwashi, amma ƙofar taragon cike take da yaransa, sojojin da yake ba umarni, duk sun miƙo wuya. Ta yaya zan tona a gabansu cewa kofur ɗinsu da bakin uba yake yawo? Irin wannan magana ai sai an zauna. Kuma na san jiragen ƙasar nan, rabin yini suke yi. Na ce a raina bari mu gama gaisawa in ja shi bayan randunan can.

Ya tambayi Inna. Ya tambayi Hajo da yara. Ya tambayi ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, da kawunsa na Yasore, da damina, da ko an gyara rijiyar ƙofar gida. Kowa ya tambaya ban da mutum ɗaya, ina ganin yadda yake kewaye shi. Ni kuma ina amsawa, don ba a katse babba.

Na samu ya numfasa na sunkuyar da kai na rage murya na ce, "Yaya, akwai magana daga gida. Sai mun keɓe."

Ban rufe baki ba aka busa usur. Taragon ya yi wata girgiza, yaransa suka ja shi ciki ta hannu. Na miƙe na bi jirgin ba takalmi, dakalin dutse ya ɗau rana yana cin tafin ƙafata, ina ture masu talla. Ko a lokacin, Allah ya sani, kunya ba ta sake ni ba. Abin da ya fita daga bakina kawai shi ne, "Yaya, maganar Baba ce." Na ga ya saki ƙarfen ƙofa ya ɗora hannu biyu a ka, leɓɓansa na motsi. Sai na daddage na yi ihu cewa ya yafe, ya yafe, amma lokacin taragonsa ya wuce ƙarshen dakali, injin na huci, ni kaina ban ji muryata ba.

Na dawo na tarar an ɗauke bokitin, takalman dai suna nan. Na ba Saje labari ina haki, na ce aƙalla ya san Baba ya aiko. Saje ya dube ni. Sannan ya ce, "Sarkin Fawa, in mutum ya zo maka daga gida, ya sunkuyar da kai ya ce sai kun keɓe, ya ce maganar ubanka ce, me za ka ɗauka?"

Sai a lokacin na gane abin da leɓɓansa ke faɗa. Inna lillahi yake yi. Na zo in sauke masa kaya, na ƙara masa wanda ya fi shi: yanzu a saninsa tsohon ya mutu bai yafe ba. Na zauna a ƙasan tarago na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Ko lambarsa ban karɓa ba. Na tambayi ma'aikacin tasha ina jirgin can ya nufa, aka ce kudu. Na tuna zanen Karimu, na san kudu ba wuri ba ne da za a ce ga shi.

Sauran tafiyar ban gan ta da kyau ba. Mun shiga ƙasar ruwan nan, aka sa mu a jirgin kogi, kogin da ba a hango gaɓarsa. Yunwa ta yi wa mutanen ƙasar ɓarna kafin zuwanmu, mata na miƙo hannu a bakin hanya ba sa ko magana, mukan zuba musu shinkafarmu a gefen zane. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka da abinci kaɗan haka ba. Daga ƙarshe muka kai wani rafi mai laka, aka ce ƙetarensa Bama ce. Na ce yanzu nan Indiya ta ƙare? Aka ce nan gefe ɗaya ya ƙare. A nan na zauna ina yanka awaki har aka ce yaƙi ya ƙare.

Kafin a ba mu jirgin dawowa sai aka kai mu kudu jira, wajen wani gari Madaras. Na ce Allah ya kawo ni. Mutanen can baƙaƙe ne wuluk kamar mu, sai dai gashi mai santsi, kwakwa ko'ina, a kan ganyen ayaba suke cin abinci. Duk ranar da na samu hutu sai in bi sansanonin sojojinmu ina tambaya. Wani ya ce kofur mai tabo a gira ya bi jirgin farko ya koma gida. Wani ya ce a'a, yana asibiti a wani gari can yamma. Wani ya rantse ya ji shi yana cewa ba shi da kowa a gida, zai nemi aiki a jirgin ruwa. Har na saɓa wa Baba na sa aka rubuta wasiƙa zuwa ga Kofur Sa'idu Katsina. Amsa ta zo bayan sati uku daga wani mutumin Mashi. Ya ce shi ubansa ya rasu tun yana goye, amma ya gode, ya ji daɗin maganar.

Da na sauka Batsari tambayar farko da na yi wa Hajo ita ce ko Yaya ya dawo. Ta ce su da suke jira in zo da shi. Na yi kwana uku ina jan ƙafa, ran na huɗu na tafi Wagini.

Na tarar da Baba Barau a zaure, ya ƙara tsufa, idonsa ya fara hazo. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi teku, bai gaggauta ba. Sannan ya ce, "Ka same shi?"

A hanya na shirya ƙarya mai kyau. Da na dubi fuskarsa sai ta gudu. Na ce, "Na gan shi, Baba. Yana da rai, har ya zama kofur. Mun gaisa."

"Ka faɗa masa?"

Na ba shi labari duka, da takalmi, da gaisuwa, da usur, ban rage komai ba. Na ce, "Baba, ina jin ma ya ɗauka ka rasu. Laifina ne."

Ya daɗe yana murza gemu. Ina jira ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Sai ya ce, "Ka yi abin da aka koya maka. Ya tambaye ni?"

Na ce, "Ya tambayi kowa, har rijiya. Kai ne bai iya kaiwa gare ka ba."

Ya gyaɗa kai, ya share ido da bakin riga. Ya ce, "To in ya ɗauka na mutu, aike ba zai yi ba ke nan. Sai ya gan ni da idonsa." Ya juyo gare ni. "Daga nan zuwa can kwana nawa ne a jaki?"

Na buɗe baki. Na so in faɗa masa teku, da kwana biyar a jirgi, da mutanen da ba su ƙirguwa, da cewa ban ma san ko yana ƙasar ba. Na rasa ta inda zan fara.

Ya ce, "Ba komai, ko nawa ne. Bari a gama girbi. Sai ka zo ka shige gaba, tunda kai ka san hanya."

Na ce, "To, Baba."

Ga shi kuwa kuna gani, dawa ta fara ja.